Malam Nomau Mai Faci da Wilin Alhaji Cindo

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba zan kama sunansa ba, don na san halinku: ina faɗa, gobe wani zai taso ya ce ai kakansa ne. Ku matso, ku saurara. Kai mai gyangyaɗi a jikin ginshiƙi, in barci ne ka yi haƙuri sai na gama, ba zan daɗe ba.

Zamanin da nake ba ku labari kwalta ba ta isa garin ba. Hanya yashi ce da duwatsu, in damina ta sauka kuma taɓo har gwiwa. Ba motar da ke iya ratsa ta sai tsofaffin jif ɗin nan masu doguwar ƙafa, waɗanda sun ga duniya tun kafin a haifi yawancinku. Su ke ɗaukar hatsi, su ke ɗaukar mara lafiya, su ke ɗaukar amarya.

Shi wannan bawan Allah sunansa Malam Nomau, kuma mai faci ne. Rumfarsa na gindin wata tsamiya a bakin tasha. Ba wani malami ba ne, Malam ɗin ta girmamawa ce. Dukiyarsa kaf a rumfar nan, famfon iska ne, da ƙarafan ɓare taya, da kwanon ruwa na neman huji, da wata 'yar guduma mai ƙotar icce.

To, mutumin nan yana da wata ɗabi'a da ta sa direbobi ke masa dariya. Duk tayar da ya ɓare, ba ya mayar da ita sai ya duba wilin. Wili kun san shi, ƙarfen nan mai ramukan noti da ake sa wa taya, wasu na ce masa rim. Sai ya zura masa igiya, ya rataye shi a reshen tsamiya, ya ɗauki 'yar gudumarsa ya ɗan buga, ya karkata kai yana sauraro. Wili mai lafiya, ƙararsa tafiya take yi, ƙiiiin, har ka gaji da ji. Wanda ya tsage kuwa, ko da tsagar ba ta kai kaurin gashi ba, sai ka ji ƙarar ta mutu a hanya. Kuma ba ya karɓar komai a kan wannan, kyauta yake yi.

Abin dariya, makarantar firamaren da ke bayan tasha ita ma tsohon wili ne ƙararrawarta. Sau nawa Malam Nomau ya buga, yara suka kwasa a guje wai an tashi! Har hedimasta ya taɓa takowa rumfar da kansa ya ce, "Malam, don girman Allah, in za ka buga ka tausaya mana, jiya ana tsakiyar lissafi aji ya watse."

Direbobi su ce masa, "Malam Nomau, taya ba ta sace ba, me kake nema a jikin ƙarfe?"

Shi kuma ya ce, "Ai tub ne ke riƙe iska, ba wili ba. Wili sai ya tsage har ya kusa rabuwa biyu, tayarka tana nan tam. Ranar da zai sanar da kai, a kan gangara zai sanar da kai, mota cike da mutane."

Ya kan nuna musu alamu, ba ya rowar sani. In ka ga jan tsatsa ya fito daga ramin noti ya miƙe siriri, ka duba. In kana da noti ɗaya da kullum ka ɗaure shi ya kwance, ka duba. In mota na tafiya a hankali da lodi ka ji ƙyas-ƙyas daga ƙafa ɗaya, ka tsaya ka duba. Suna dariya suna dariya, har ya zama al'ada a ƙasar nan gaba ɗaya: ba mai sayen tsohuwar jif sai an ce Nomau ya buga.

Yanzu ku saurara, ga inda maganar take.

Malam Nomau yana da ɗa, ɗan fari, sunansa Ukashatu, tela ne. Namiji ne cikakke, ya isa aure har yana neman wucewa. Kun san kunyar ɗan fari ta mutanen da, ba irin taku ta yanzu ba da uba ke ɗaukar ɗan fari a kafaɗa yana yawo da shi a kasuwa. Malam Nomau bai taɓa kama sunan yaron nan ba. In zai yi maganarsa sai ya ce "telan nan". Amma Allah Ya sani, duk duniya ba abin da yake so kamarsa.

Ukashatu na son Ramlatu, 'yar Alhaji Cindo, ita ma tana son sa. Duk gari an sani, don shekara biyu ke nan ɗinkin yarinyar nan ba ya ƙarewa, yau hannun riga ya matse, gobe ya yi yawa. Baffannin Ukashatu suka kai gaisuwa, Alhaji ya karɓi goro ya ce su dawo ranar Juma'a su ji amsa. Kuma ba shi kaɗai ke nema ba, akwai wasu gidaje biyu da suka fi gidan mai faci rufin kwano.

Shi Alhaji Cindo ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Yana da kyauta, yana da zumunci. Amma akwai son girma, ga saurin hawa, kuma ya ƙi jinin a kushe kayansa. Ka ce masa akuyarsa ta rame, sai ku yi wata ba ku gaisa ba. Yana da wata tsohuwar jif da ya yi shekara ashirin yana hawa, ya sa ta a kasuwa. Masu saye kuwa mutanen wani ƙauye ne a kan dutse. Su in haihuwa ta zo wa mace da gardama, a kan gadon kara ake saukowa da ita, wata ta iso, wata ba ta iso ba. Shi ne suka haɗa hannu bayan sun sayar da amfanin gona, suka ce su ma sai sun yi mota. Jagoransu wani dattijo ne, ana ce masa Mijinyawa.

Alhaji ya sa aka wanke mota, aka yi mata fenti, wili kuwa aka zuba masa farin fenti mai ƙyalli har shafi biyu, noti ma bai tsira ba. Ban ce ya yi don ya ɓoye wani abu ba, ni ba ni da wannan shaidar. So yake kayansa su fita kunya.

Ranar Laraba, ranar kasuwa, saura kwana biyu Juma'a, sai ga jif a gindin tsamiya tana walƙiya. Mijinyawa ya ce, "Alhaji, mota ta yi mana. Saura mai faci ya buga."

Alhaji ya ce, "Ya buga mana! Har ya gaji."

Malam Nomau ya tsuguna ya gaida Alhaji, kai a ƙasa, don tun da aka kai goro bai ƙara yarda sun haɗa ido ba. Tun hantsi yake aiki, ya ɗaga mota, ya kwance ƙafa huɗu, ya ɓare tayoyi. Safaya, wato ƙafa ta biyar ta ko-ta-kwana, ba ta zo ba, an baro ta gida fentinta bai bushe ba. Mutane suka taru, kun san 'yan kasuwa da son kallo.

Ya rataye na farko ya buga. Lafiya. Na biyu, lafiya. Na uku, lafiya. Fentin nan mai kauri ya ɗan danne ƙarar dukkansu, amma tana tafiya. Ya rataye na huɗu, na baya ta hagu, ya buga.

Jama'a, duk taron nan ba wanda ya ji bambanci. Mijinyawa har ya fara murmushi. Alhaji ya gyara hula ya ce, "To, Malam, sai ka sa musu albarka."

Amma kunnen Malam Nomau ya ji. Ya juya wilin ya sake bugawa ta wani gefe, ko Allah Zai sa kunnensa ne ya yi ƙarya. Ƙarar ta taso, ta yi 'yar tafiya, ta mutu.

Ku dubi inda aka sa bawan Allahn nan. Kalma ɗaya ake jira daga bakinsa: lafiya. In ya faɗe ta, Alhaji ya ji daɗi, mutanen dutse su tafi suna murna, jibi a ba ɗansa mata. Wa zai sani? Ba kowa. In ma wilin ya ɓalle bayan wata shida, cewa za a yi hanya ce, cewa za a yi ƙaddara ce. Ba na ɓoye muku, tsoro ya kama shi, gumi ya karyo masa, gudumar nan ta yi masa nauyi a hannu. Kai da ke gyaɗa kai a gaba, kada ka yi saurin cewa da kai ne da ka faɗi gaskiya, ba a gwada ka ba tukuna.

Sai ya ce wa Mijinyawa, "Baba, ban gama ba, akwai sauran dubawa. Ku je ku sa wani abu a ciki kafin azahar, ku ba ni wuri." Ya juya ga 'yan kallo ya ce, "Ku kuma kasuwa na can tana ci ba ku." Ya yi ta lallaɓa su har wuri ya rage daga shi sai Alhaji.

Ya sake tsugunawa ya ce, "Alhaji, ina neman izini in ɗan kankare fenti. Wuri kaɗan, bai fi tafin hannu ba."

Alhaji ya ce, "Fentin da bai kwana uku ba? Me ya yi maka?"

"Bai yi mini komai ba, Alhaji. Abin da ke ƙarƙashinsa nake son mu gani, ni da kai."

Alhaji ya yi tsaki ya ce, "Kankare."

Ya kankare tsakanin ramukan noti har ƙarfe ya fito fili. Da ido ba ka ganin komai, sumul. Alhaji ya ce, "To, ina abin?" Malam Nomau ya ɗauko kwalbar kananzir ya zuba a wurin, ya bari ya jiƙa sosai, sannan ya sa tsumma ya goge tas har wurin ya bushe. Ya jawo wani ɗan ƙullin ƙyalle mai shara-shara da ya cika da dakakken alli. Maimakon ya barbaɗa da kansa, sai ya miƙa wa Alhaji da hannu biyu.

Ya ce, "Da hannunka, Alhaji. Ka ɗan bubbuga a wurin."

Alhaji ya karɓa yana harararsa, ya bubbuga, wuri ya yi fari fat. Suka zuba wa wurin ido. Can sai ga wani baƙin zare ya fara fitowa a cikin farin, daga wannan ramin noti ya tafi wancan, ya karkata ya nufi inda aka haɗa tsakiyar wili da bakinsa. Kananzir ɗin da ya shige cikin tsaga ne ke dawowa, alli na shan sa. Malam Nomau bai ce ga shi ba, bai nuna da yatsa ba, idonsa na ƙasa.

Alhaji ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "Ai abu mai sauƙi ne. A kai wa mai walda ya ɗinke, a mayar da fenti."

Malam Nomau ya ce, "Walda tana riƙewa a amalanke, Alhaji, inda shanu ke tafiya a hankali. A mota kuwa, a gangarar dutse, gefen waldar ne zai sake buɗewa."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Malam Nomau, yau wace rana?"

"Laraba, Alhaji."

"Jibi fa?"

"Juma'a."

Alhaji ya ce, "To."

Malam Nomau ya ce, "Na sani, Alhaji. Wallahi na sani, tun bugun farko ita nake tunani. Amma mutanen nan matansu za su ɗora a kai."

"Me za ka gaya musu?"

"Zan ce kada su karɓa sai an sake ƙafa ɗaya. Sauran bayani na fi so su ji daga bakinka, don motarka ce, kuma girman naka ne."

Wayyo! Nan Alhaji ya hau. Ya ce, "Kai ne za ka koya mini girma? Mai faci? Mayar mini da tayoyina!" Malam Nomau ya mayar, ya ɗaure noti ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "A hankali, Alhaji, kuma kada a yi mata lodi." Alhaji ya ja mota fuuu. Tsabar fushi har ya manta ƙullin allin mutane na hannunsa, da shi ya tafi.

Da mutanen dutse suka dawo ba mota, Malam Nomau ya ce, "Uku lafiya lau. Na huɗu bai yi mini ba, kada ku karɓa sai an sake shi. Ku ba Alhaji zuwa gobe da la'asar, shi zai yi muku bayani."

Mijinyawa ya matso ya rage murya ya ce, "Malam, mun ji an ce akwai magana tsakanin gidanka da nasa."

Ya ce, "Akwai, Baba. Ko kuma in ce da akwai."

Kafin ya isa gida labari ya riga shi, ban san yadda labari ke yi ba. Matarsa Tabawa ta ajiye masa tuwo da ƙarfi har miya ta fantsala. Ta ce, "Malam, shekara talatin ina kiranka daga ɗaki, sai na yi kira uku kafin ka ji. Yau ƙarfe ya yi maka raɗa, ka ji tun bugun farko!"

Ya ce, "Tabawa, da ke za a ɗora a motar fa?"

Ta ce, "Ni ba ruwana, ni ban ce ina son komai ba." Kun san ita ma kunyar ɗan fari ta hana ta faɗin abin da ke cinta. "Amma akwai wani a gidan nan da tun azahar keken ɗinkinsa bai yi ƙara ba, abinci ma an kai masa an dawo da shi."

Ana haka Ukashatu ya shigo, ya durƙusa ya ce, "Baba, sannu da aiki." Shi ke nan abin da ya faɗa, ya tashi ya fita, ido ja wur. Da yaron nan ya yi masa rashin kunya da ya fi masa sauƙi. Tuwon nan Malam Nomau bai iya kai loma uku ba.

Gari ya waye, Alhamis. Ya dawo daga masallaci, maimakon ya nufi tasha sai ya zaga bayan gida. Yana da amalanken shanu, kuma kun san yadda ake haɗa su a ƙauye, da ƙafar tsohuwar mota. Tasa daga wata matacciyar jif aka ciro, irin ta Alhaji sak, ramukan noti ɗaya. Lokacin kuwa kaka ce, dammunan geronsa na zube a gona suna jiran kwasa. Ya tokare amalanke da turmi, ya kwance ƙafa ɗaya, ya ɓare taya, ya rataye wilin a jikin rumbu ya buga. Ƙara ta tafi har maƙwabta.

Tabawa ta leƙo ta ce, "Geron fa? A ka za mu kwaso shi?"

Ya ce, "In ta kama."

Jama'a, ku zo ku ga tsoho da furfura yana gara wili a tsakiyar gari, gwaram-gwaram, yana bin sa da gudu-gudu in ya sami gangara. Masu shayi suka ajiye kofi suna dariya, wani ya ce, "Malam, yarinta ce ta dawo?" Shi dai sai murmushi, har ƙofar gidan Alhaji Cindo.

Ya yi sallama sau uku. Alhaji na ciki yana ji, ya ƙi fitowa. Sai Malam Nomau ya jingina wilin a zaure, ya ɗaga murya kamar da bango yake magana, ya ce, "Ga wili nan, irin na motar ne, lafiyayye. In an ga dama a ba ni tsagaggen, amalanke ba ta ƙi shi ba. In ba a ga dama ba, ba komai, wannan dai ya zama na motar." Ya juya ya tafi rumfarsa.

Na ga wani na murmushi, wai ai toshiyar baki ce don a ba ɗansa mata. A'a, malam. Shi a zuciyarsa aure ya riga ya mutu tun jiya. Abin da ya dame shi, kada ciniki ya lalace ta dalilinsa, Alhaji ya yi asara, mutanen dutse su koma ɗaukar matansu a gadon kara.

Abin da ya faru a cikin gidan kuwa, Alhaji da bakinsa ya ba da labari daga baya, yana yi yana dariyar kansa. Ya ce shi niyyarsa, ya cire tsagaggen ya sa safaya a wurinsa shiru, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Da ya fito ya ga wilin mai faci a zaure, sai haushi ya ƙara turnuƙe shi. Ya ce a ransa, wannan alli ai siddabaru ne, kowane ƙarfe ka zuba wa sai ya zana maka layi, bari in kama mutumin nan da hannunsa. Ya sa aka kawo kananzir ɗin fitila, ya ɗauko ƙullin allin nan, ya tsuguna a kan wilin Malam Nomau yana neman aibi. Ya zuba, ya goge, ya bubbuga. Fari fat. Ya juya ɗaya gefen, fari fat. Sau uku yana yi, ko ɗigo bai fito ba.

Sai jikinsa ya ɗan yi sanyi. Ya dubi safayarsa da ke jingine tana ƙyalli, ya ce bari dai. Ya ɗauko wuƙa ya kankare fentin da kansa, fentin da jiya ya kusa cin mutum a kansa. Ya zuba, ya goge, ya bubbuga.

Baƙin zare ya fito, har ya fi na jiya tsawo.

Alhaji ya ce nan ya zauna daɓas a ƙasa. Ya tuna wannan safayar ita ce a ƙafar gaba bara, ranar da ya ɗauko iyalinsa kaf daga biki ta hanyar dutse, Ramlatu na zaune a gefen da take. Ya tuna kuma ita ce yau yake shirin ɗaura wa bayin Allah ya sallame su. Ya ce tun da yake bai taɓa jin tsoron Allah da kunyar kansa irin na ranar ba.

La'asar ta yi. Mijinyawa da mutanensa na zaune a gindin tsamiya suna jira, 'yan kallo sun fi na jiya. Malam Nomau ya ba hanya baya, yana ba tub ɗin keken wani mutum iska don ya nemi huji. Sai ga Alhaji Cindo a ƙasa, ba mota. Gemu fari da alli, hula fari, babbar riga tana warin kananzir. Ba wanda ya yi dariya, ana tsoro.

Ya tsaya a tsakiyar mutane ya ce, "Mijinyawa, motata wili biyu ne tsagaggu, ba ɗaya ba. Ɗaya mai faci ya gano. Ɗayan kuwa ni na gano, ni da kaina, ba wanda ya nuna mini!" Kun ji Alhaji, ko a wurin tuba sai ya nemi inda zai ɗan fi. "An riga an kawo madadin ɗaya. Ɗayan zan aika birni a nemo. Ba za ku hau ba sai an rataye kowanne an buga a gabanku."

Mijinyawa ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Alhaji."

Alhaji ya ce, "Ba ni za ka gode wa ba. Amma tsaya, kai dattijo ne, zan aike ka. Ka san wani mai faci a garin nan?"

Mijinyawa ya saci kallon Malam Nomau, da ke taku biyu daga wurin ya ba su baya, ya ce, "Ina jin na san shi."

"In ka gan shi, ka ce ya aiko a ɗaukar masa tsagaggun nan ya ɗinke wa amalankensa, gero ba ya jira. Sannan ka ce ya gaya wa 'yan'uwansa kada su makara gobe, kuma su zo da shirin sa rana. Gidan da aka ƙi yi mini ƙarya a kan ƙarfe, ba za a yi mini ƙarya a kan 'yata ba."

Allahu Akbar! Malam Nomau yana ji. Ya juyo? Ina! Ga kunyar suruki, ga kunyar ɗan fari, dole ya yi kamar ba da shi ake ba. Amma murna ta cika shi har hawaye na zuba a kan famfo, hannunsa kuwa ya manta ya tsaya. Yana ta bugawa, yana ta bugawa, tub na ta kumbura. Mai keke ya ce, "Malam, ya isa. Malam! Malam, ya isa!"

Bum!

Alhaji ya yi tsalle har hula ta faɗi, alli ya tashi. Wuri ya kece da dariya, shi ma Alhaji ya riƙe ciki. Malam Nomau ya share ido da hannun riga, ya dubi mai keke ya ce, "Yi haƙuri, zan sa maka sabo." Iyakar abin da ya faɗa ke nan a ranar.

To, jama'a, me na kawo muku wannan labari don shi? Ba don ku koyi faci ba.

Gaskiya wajibi ce, ko da abin da ka fi so a duniya na kan hanyarta. Wannan kun sha ji. Abin da nake so ku ƙara a kai shi ne yadda bawan Allahn nan ya faɗe ta. Da yawanmu in mun tashi faɗin gaskiya, sai mun jira taro ya cika, mu kwance wa mutum zani a kasuwa, mu koma gida muna cewa ai ni ba na tsoron kowa. Malam, wannan ba gaskiya kake so ba, kanka kake so. Wasunmu kuma sun iya kunya, sun iya ladabi, har su ga mutum zai halaka da shi da na bayansa, su ce ai ina jin nauyinsa. Wannan ma ba kunya ba ce, tsoro ne.

Malam Nomau bai yi ko ɗaya ba. Ya kori taro kafin ya buɗe baki. Ya bar mai abu ya gani da idonsa. Bai yaudari masu saye ba, bai kuma tozarta mai sayarwa ba. Da ya nuna ɓarna bai tafi ya bar mutum da ita ba, ya koma gida ya kwance abin da yake da shi ya kawo gyara, alhali ya fid da ran samun komai.

Kowannenku nan yana da wani da yake jin nauyinsa, ko suruki, ko maigida, ko yayansa, ko amininsa, kuma ya san wata tsaga a al'amarin mutumin da shi bai sani ba, ko ya sani ya shafe da fenti. Tun ina magana fuskarsa ta zo maka, na gani a idonka. To kada ka kwana da ita. Ka same shi shi kaɗai, ka rage murya, ka faɗa masa, kuma kada ka je hannu rabbana, ka tafi da abin da za ka iya na gyara. In ya yi fushi, ka yi haƙuri, fushinsa zai huce, amma in ka yi shiru abin ya karye da mutane a kai, wannan ba ya gyaruwa.

Allah Ya ba mu masu gaya mana gaskiya ba tare da sun tozarta mu ba, Ya kuma ba mu zuciyar karɓa in sun faɗa. Ku ce amin da ƙarfi, har da kai na jikin ginshiƙi, na ga ka farka.